Yadda ake tantance dinarin azurfa na Daular Rum, daga awo zuwa ajiya

Dinarin da muka sani a littattafan fikihu na zinariya ne, amma sunan ya samo asali daga ƙwandalar azurfa ta Rumawa mai suna denarius, wadda aka fara bugawa wajen shekara ta 211 kafin miladiyya. A zamanin sarakuna, wato daga hawan Agustus a shekara ta 27 kafin miladiyya, dinari 25 ne ke yin ƙwandalar zinariya ɗaya, kuma albashin sojan runduna dinari 225 ne a shekara, har Sarki Domitian ya mai da shi 300. An buga su da yawan gaske, shi ya sa har yau na gaske ba su da wuyar samu a hannun dillalan tsofaffin sulalla. Na jabu ma haka.

Idan dinari ya shigo hannunka, aikin yana da jeri: a auna, a karanta, a duba ƙira, sannan a yanke shawarar ko yana bukatar wanki. Yawancin ɓarnar da ake yi wa sulallan nan daga juya jerin take zuwa, mutum ya fara da goge shi don ya ga ya yi ƙyalli. Abin da gugar minti biyu ta cire daga fuskar azurfar da ta shekara 1,800 ba ya dawowa.

Kayan aikin ba su da yawa. Sikeli na lantarki mai nuna 0.01 na giram, idan da hali mai nuna 0.001. Ma'aunin faɗi mai baki biyu irin na makanikai, na roba ya fi don kada ya karce. Madubin ƙara girma mai ninka goma, fitila mai haske ɗaya da za ka iya karkatarwa, mayen ƙarfe, zare siriri, da tawul mai laushi da za ka shimfiɗa a kan tebur. A gefe ake riƙe ƙwandala, tsakanin babban yatsa da manuniya, kuma kullum a saman tawul.

Awo

Rumawa suna yanka sulalla ne daga fam ɗinsu, mai nauyin kusan giram 327. Daga Agustus zuwa farkon mulkin Nero ana fitar da dinari 84 daga fam guda, kowanne ya kama kusan giram 3.9, azurfarsa kusan tsantsa. A shekara ta 64 miladiyya Nero ya mai da su 96 a fam, nauyi ya sauko zuwa kusan giram 3.4, aka kuma surka da jan ƙarfe. Domitian ya ɗaga tsabtar azurfar a shekara ta 82, ya sake rage ta a 85. Daga nan sai gangara: a zamanin Septimius Severus, wanda aka haifa a Leptis Magna ta Libiya ta yau, ya yi mulki daga 193 zuwa 211, kusan rabin dinari jan ƙarfe ne. Faɗin dinari yakan tsaya tsakanin milimita 17 da 20.

Ka rubuta nauyi da faɗi kafin komai. Dinarin Tibariyas da bai side sosai ba ya kamata ya kai giram 3.6 zuwa 3.9. Na Trajan ko Hadrian da ya sha hannu yakan zo tsakanin 3.0 da 3.4. Idan ka ga mai faɗi cikakke, zanensa a fito, amma nauyinsa giram 2.5, akwai magana: ko cikinsa jan ƙarfe ne, ko ƙasa ta cinye surkin da ke cikinsa ta bar shi da ramuka. Idan kuma ya haura giram 4, ka yi zargin sabon zubi.

Kada ka rikita dinari da ƙanensa mai suna antoninianus, wanda Caracalla ya fito da shi a 215. Ya fi faɗi, milimita 21 zuwa 23, farkonsa kusan giram 5, kuma alamarsa a kan sarki take: a dinari sarki yana sanye da kambin ganye, a wannan kuwa kambi mai tsinke-tsinke kamar hasken rana. Idan matar sarki ce, za ka ga kafaɗunta sun zauna a kan jinjirin wata. Shi ne ya kori dinari daga kasuwa wajen shekara ta 240, zamanin Gordian na Uku, sannan shi ma ya lalace, har a ƙarshen mulkin Gallienus, wanda ya ƙare a 268, azurfarsa ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba, sai ɗan shafe a sama. Wannan bambancin zai dawo da ƙarfi a wajen wanki.

Kara mayen ƙarfe. Azurfa da jan ƙarfe ba sa kamawa. Idan ya kama, magana ta ƙare. Rashin kamawa kuwa bai tabbatar da komai ba, domin kuza da dalma ma ba sa kamawa.

Gwajin ruwa ya fi wannan amfani, muddin an san iyakarsa. Ɗora ƙaramin kofi mai ruwa a kan sikeli, ka mai da shi sifili. Ɗaure dinarin da zare, ka nutsar da shi gaba ɗaya ba tare da ya taɓa gindi ko gefen kofin ba, ka kaɗa shi kaɗan don kumfar iska ta saki. Raba nauyinsa na bushe da lambar da sikeli ya nuna. Azurfa tsantsa tana ba da 10.5, jan ƙarfe kusan 8.9, kuza 7.3, dalma 11.3. Dinari mai giram 3.40 da ya nuna 0.33 a ruwa ya ba da 10.3, alama mai kyau. Amma lura: da sikelin ya nuna 0.32 sakamakon zai zama 10.6, da ya nuna 0.34 zai zama 10.0. Ɗigo ɗaya a ƙarshen lamba yana juya hukunci, don haka mai nuna 0.001 ne ya dace, kuma a maimaita sau uku. Gwajin yana da ƙarfi a kan dinarin ƙarni na farko. A kan na Severus, wanda na gaskensa ma yakan faɗo ƙasa da 9.7, ba ya raba gardama.

Abu ɗaya da ba a yi: kai shi wurin maƙerin fari ya goga a dutse, ya ɗiga masa asid, ko ya ci gefensa da magagari. Wannan gwajin na mundaye da zobba ne. A kan dinari tabo ne na har abada, kuma ba ya faɗar gaskiya, domin ma'aikatan gidan bugu sukan jiƙa ƙwandala a ruwa mai tsami kafin a buga ta, jan ƙarfen sama ya narke, fatar ta fito fara tas alhali cikin surki ne. Wannan ne dalilin da tsofaffin littattafai, waɗanda suka auna fata kawai, suke ba dinarin Nero sama da kashi 90 cikin 100, yayin da awon da aka yi daga cikin ƙarfen ya nuna kusan 80.

Karatun rubutu

Nan ne daɗin aikin yake. Rubutun Latin ne, da manyan baƙaƙe, babu tazara tsakanin kalmomi, kusan duk a taƙaice. V tana tsayawa a madadin U, I a madadin J. Yawanci ana farawa daga ƙasa ta hagu, a bi yadda hannun agogo ke tafiya, amma sulalla da yawa na Agustus, Tibariyas da gidan Vespasian ana karanta su ta ɗaya hanyar, ƙafafun baƙaƙen suna kallon waje. Karkata fitila ta zo daga gefe, inuwa ta fito da baƙaƙen da suka side. Kwafe abin da ka gani a takarda, ka sa ɗigo a gurbin wanda bai fito ba, kada ka cike da zato.

IMP shi ne imperator, babban kwamanda. CAES ko CAESAR Kaisar ne, wanda daga baya ya zama laƙabin yarima mai jiran gado. AVG Augustus ne, laƙabin sarki mai ci. AVGG da G biyu na nufin sarakuna biyu a lokaci ɗaya. P M shugaban addinin gargajiyarsu, P P uban ƙasa, COS muƙamin konsul, wato babban jami'in mulkin Roma, TR P ikon wakilin talakawa. DIVVS ko DIVO a gaban suna yana nuna sarkin ya riga ya mutu lokacin da aka buga, kuma sau da yawa a baya za ka tarar da CONSECRATIO tare da gaggafa ko tarin itacen ƙona gawa.

Lambobin da ke bin TR P da COS su ne kalandarka. Ana sabunta TR P kowace shekara, don haka shi ya fi ba da shekara daidai. Ga Septimius Severus ka haɗa lambar da 192: dinari mai SEVERVS PIVS AVG a gaba, P M TR P XVIII COS III P P a baya, na shekara ta 210 ne. Ga Caracalla ka haɗa da 197, TR P XVIII nasa ya faɗa a 215. Ga Marcus Aurelius ka haɗa da 146, da sanin cewa shekarar tasa tana juyawa ne a ranar 10 ga Disamba. COS ba kowace shekara ake ƙara shi ba, sai ya ba ka tsakani kawai. Trajan ya riƙe COS V daga 103 zuwa 111, ya zama COS VI a 112. Hadrian ya tsaya a COS III tun daga 119 har mutuwarsa a 138, shi ya sa sulallansa suke da wuyar sa wa shekara. Laƙaban yaƙi, waɗanda ake ba sarki daga sunan al'ummar da ya ci da yaƙi, suna taimakawa: DAC ba ya zuwa a sunan Trajan kafin 102, PARTHICO ba ya zuwa kafin 116.

Tarkon da ya fi kama sabon shiga shi ne sunan ANTONINVS, wanda sarakuna da dama suka yi amfani da shi, huɗu daga cikinsu suka fi rikitarwa. Antoninus Pius dattijo ne mai gemu, rubutunsa ANTONINVS AVG PIVS. Marcus Aurelius yakan zo da M a gaba, gashinsa nannaɗe, gemunsa ya fi tsawo. Caracalla yana zuwa a matsayin ANTONINVS PIVS AVG, tun yana yaro mara gemu har ya zama mai murtuke fuska da gajeren gemu, da laƙabin yaƙi BRIT ko GERM a ƙarshe. Elagabalus saurayi ne mai cikar kumatu, yakan fara da IMP, kuma a sulallansa na ƙarshe akwai wani ɗan ƙaho a saman goshi da tauraro a filin baya. Sunayen Caracalla da Elagabalus laƙabai ne, ba za ka taɓa ganin su a matsayin sunan sarki a kan ƙwandala ba. Vespasian da ɗansa Titus ma suna kama. Nemi T ko TITVS a farkon rubutu. Wata ƙa'ida mai sauƙi: daga Agustus zuwa Trajan sarakuna kusan duk a aske suke, gemu ya zauna ne daga Hadrian a 117.

A baya, abin da siffar ke riƙe da shi ne sunanta ko da rubutu ya goge. Mai fukafukai da kambi da reshen dabino Victoria ce. Mai sikeli da ƙahon albarka Aequitas ce ko Moneta. Mai ciyar da maciji Salus, mai matuƙin jirgin ruwa Fortuna, mai reshen zaitun Pax, mai fure a hannu tana ɗage gefen riga Spes. Idan sarkin Domitian ne, kusan kullum Minerva ce da kwalkwali da mashi. A jerin tafiye-tafiyen Hadrian akwai AFRICA, mace a kishingiɗe da fatar kan giwa a kanta, tana riƙe da kunama.

Da suna, rubutun gaba, rubutun baya da siffa, sai ka nemi lambarsa a kundin Roman Imperial Coinage, wanda ake taƙaitawa RIC. Rumbun OCRE na American Numismatic Society ya ɗora nau'o'in a intanet kyauta da hotuna. Idan haɗin gaba da bayan da ke hannunka bai fito ko'ina ba, kada ka yi murnar samun abin da babu irinsa. Sau da yawa alamar jabu ce, domin masu jabu na da da na yanzu sukan haɗa hatimin sarki ɗaya da bayan wani.

Dinari galibi ba ya ɗauke da sunan garin da aka buga shi. Sai daga salon zane ake gane na Roma, na Lugdunum wato Liyon ta Faransa, ko na gabas kamar Laodicea. Sulallan azurfa na ƙarni na huɗu, irin siliqua mai kusan giram 2, su ne ke da shi a ƙasan baya: TR Trier, MD Milan, LVG Liyon, CONS Kustantiniya, sau da yawa da PS a haɗe, alamar tatacciyar azurfa. Da yawa daga cikinsu an datse gefensu tun a zamanin, kamar yadda aka gani a taskar Hoxne da aka tono a Ingila a 1992, mai siliqua sama da 14,000.

Bugu ne ko zubi

Dinarin gaske buga shi aka yi: a ɗora ƙwandalar a kan hatimin ƙasa, a kafa na sama, a doka da guduma. Wannan yana barin shaida. A ƙarƙashin madubi za ka ga siraran layuka suna fita daga baƙaƙe zuwa gefe, inda ƙarfe ya gudu saboda duka. Gefen yakan tsage kaɗan, tsagar kuma tana da kaifi, tana shiga ciki, ana ganin ta ta fuska biyu. Zanen yakan kauce daga tsakiya. Juya shi daga sama zuwa ƙasa ka lura da yadda baya ke tsayawa; yawanci ko a miƙe ko a kife, wato ƙarfe 12 ko ƙarfe 6.

Na zubi kuwa komai nasa a dusashe yake kamar sabulun da ya jiƙa. Nemi ƙananan ramuka masu zagaye na kumfar iska, da ƙurajen ƙarfe a lungun baƙaƙe. Bi gefen gaba ɗaya: layin haɗuwar mazubi biyu, ko sawun magagari inda aka share shi, ya isa hujja. Tsagar gefe a zubi a cike take, ba ta da zurfi. Jabun da aka matse da inji ya fi wuyar kamawa, amma filinsa yakan yi sumul fiye da kima, kaurinsa ɗaya ko'ina, baƙaƙensa duk tsayi ɗaya. Hujja mafi ƙarfi ita ce tagwaye. Sulalla biyu na gaske suna iya fitowa daga hatimi ɗaya, amma ba za su zo da siffar gefe ɗaya, tsaga ɗaya da sidewa ɗaya ba. Idan ka ga hoton wani da ya yi daidai da naka har a tabo, aƙalla ɗaya kwafi ne.

Akwai jabun da shi kansa tsoho ne, wanda masana ke kira fourrée: jan ƙarfe aka naɗe da fallen azurfa aka buga tun zamanin Rumawa. Ana gane shi da rashin nauyi, da wuraren da fatar ta ɓare ja ko kore ya leƙo, musamman a kan kunci, kunne da gefe. Yana da darajarsa ta tarihi, sai dai a rubuta shi da sunansa. Ƙananan alamu da aka doka a fuska, kamar baƙi ɗaya ko jinjirin wata, aikin 'yan canjin da ne masu gwada ciki, kuma ba aibi ba ne ga sahihanci.

Kada ka jefa dinari a tebur don jin ƙararsa. Azurfar da ta daɗe a ƙasa takan zama garas-garas a ciki, ta karye kamar ƙanzo.

Wanki, idan ya zama dole

Launin toka, shuɗi-shuɗi ko baƙi-baƙi da ya kwanta sumul a kan azurfa ba datti ba ne. Masu saye suna ƙara kuɗi saboda shi. A bar shi. Abin da ake cirewa shi ne ƙasa, ɓawon kore, da maiƙo ko danƙo. Toka, kanwa, man goge baki, tsamiya da soson ƙarfe, duk abin da ake sa tukunya ƙyalli da shi, ba ya kusantar dinari.

Fara da tataccen ruwa, irin na kantin magani ko wanda ake ƙara wa batirin mota, ka tabbatar ba mai asid ba ne. Ruwan famfo da na rijiya suna ɗauke da gishirin da ke ci gaba da cin ƙarfe. Jiƙa a kofin gilashi ko roba, kana canja ruwan kullum, mako ɗaya zuwa biyu. Bayan kowane canji ka taɓa ƙasar da tsinken sakace ko ƙayar aduwa a ƙarƙashin madubi, kana tura ta gefe, ba kana dannawa ƙasa ba. Allura da reza suna karce azurfa nan take. Maiƙo da danƙon salatif suna fita da asiton tsantsa, sinadarin da ake goge fentin farce da shi, cikin minti biyar, nesa da wuta. Na goge farce mai turare yana barin saura.

Idan ɓawon kore ya ƙi, kuma ka tabbatar dinarin mai azurfa da yawa ne, na ƙarni na farko ko na biyu, haɗa ruwan lemun tsami kashi ɗaya da tataccen ruwa kashi huɗu. Minti biyar, ka fitar, ka ɗauraye, ka gwada da tsinke, ka maimaita in da bukata. Ƙwandala ɗaya a kofi ɗaya, kuma kada cokali ko hantsakin ƙarfe ya shiga ruwan, domin jan ƙarfen da ya narke yakan koma ya kwanta a kan azurfar ta yi ja-ja. Da ka gama, tsoma shi minti goma a kofin ruwa da aka narkar da ƙaramin cokali ɗaya na bekin soda, narkakke sarai ba gari ba, sannan kwana ɗaya a tataccen ruwa. Tsami ba ya taɓa fourrée, ba ya taɓa antoninianus na bayan 250, domin zai ɗauke ɗan shafen azurfar ya bar ka da jan ƙarfe mai ƙuraje. Ko na Severus yakan fito da fuska kamar soso idan ya daɗe a ciki.

Wani ɓawo mai launin toka zuwa shunayya, mai laushi kamar kaki, azurfar ce da kanta ta haɗu da gishirin ƙasa. Ruwan amoniya na gida yana narkar da shi a jiƙo na minti goma-goma, a waje mai iska, da safar hannu. Kada ya haɗu da bilic, hayaƙinsu guba ne, kuma kada a ajiye ruwan da aka yi aiki da shi, a surka da ruwa mai yawa a zubar a take, domin idan ya kwana yana iya haifar da abu mai fashewa. Ka sani kuma ƙarƙashin ɓawon a ƙwarzane yake, tunda daga jikin ƙwandalar ya fito. Idan dinarin mai tsada ne ko sarkinsa ba a cika samu ba, wannan aikin na ƙwararren mai gyaran kayan tarihi ne.

Ajiya da takarda

Busar da shi sosai a kan kyalle mai tsabta, ko ka tsoma a asiton ya kori sauran ruwa. Sa shi a ambulan na takarda mara asid ko aljihun roba mai tauri. Roba mai laushi mai warin sabon labulen banɗaki tana fitar da wani kore mai danƙo cikin watanni. Robar ɗaure kuɗi, ulu da jarida suna baƙanta azurfa saboda farar wutar da ke cikinsu. A akwatin ka jefa ƙunshin ƙwayoyin tsotse danshi, ka sabunta su a farkon damina. Fourrée da antoninianus na ƙarshe su ne masu bukatar sa ido: garin kore mai haske da ke fita da taɓawar tsinke ciwo ne mai yaɗuwa, a ware mai shi, a bushe shi, a kai wa ƙwararre.

A jikin ambulan rubuta sarki, rubutun gaba da baya, nauyi, faɗi, tsayuwar baya, lambar RIC, wurin da ka saya da ranar. Duk tsohuwar takardar dillali da ta zo da shi ka adana ta tare. Italiya, Turkiyya, Masar, Libiya da ƙasashe da dama sun haramta fitar da kayan tarihi ba da izini ba, yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kuma ita ce ma'aunin da gidajen tarihi ke bi, don haka kafin ka biya ka tambayi dillali daga wane tari dinarin ya fito, kuma ya rubuta maka amsar a rasit tare da sharaɗin mayarwa idan ya tabbata jabu ne.